Tara ta koma takwas: sata ce ko ba sata ba?

Sani: Jama'a ku zo ku ji zalunci. Injin cacar karta mai suna Jacks or Better da nake bugawa an zaftare masa allon biya, wato allon da ke nuna abin da kowane hannu ke ci. Da ful haus (kati uku masu lamba ɗaya da wasu biyu masu lamba ɗaya) tara yake biya kan kowace tsaba, fulash (kati biyar masu alama ɗaya) shida, yanzu takwas da biyar. Wallahi sata ce tsagwaronta.

Bala: Sata kuma? Allon na gabanka ɓaro-ɓaro kafin ka zuba tsabarka. Wane ɓarawo ne ke rubuta maka abin da zai ɗauka?

Malam Isa: Ku dakata tukuna. Mai 9/6, wato mai biyan tara da shida, in ka buga ba kuskure ko ɗaya, kashi 99.54 cikin ɗari na abin da ka zuba ke dawowa, kuma sai an daɗe ana bugawa. Mai 8/5 kuwa 97.30. Da gidan bai kai rabin kashi ɗaya yake ci ba, yanzu 2.7 yake ci, kusan ninki shida. Katin 52 ɗin suna nan yadda suke, kuɗin biyan kawai aka taɓa.

Bala: To ka ji, Malam bai ce sata ba.

Hajiya Ladi: Bai ce ba sata ba ce kuma. Wanda ya rage mudu yana kallon idonka, me sunansa?

Bala: Hajiya, kullum kina bayan Sani, ko me ya faɗa.

Hajiya Ladi: Kai kuma ko albashi suke ba ka?

Audu: Yaya Sani da tsaba ɗaya yake bugawa fa, na gani da idona.

Sani: Kai yaro, wa ya sa da kai?

Malam Isa: In gaskiya ne, asara kan asara ke nan. Royal fulash, wato 10, J, Q, K da A masu alama ɗaya, 250 yake biya kan kowace tsaba, sai ka zuba biyar ya koma 800 kan kowace. Shi kuma kusan sau ɗaya yake faɗowa a hannu 40,000, ga shi wajen kashi biyu na 99.54 ɗin daga gare shi yake.

Bala: Ashe mai ihun sata shi ke yi wa kansa sata!

Sani: Maimaita in ka isa.

Garba, shugaban zaure: Ya isa haka. An dai tabbatar ba sata ba ce, kamar yadda Bala ya faɗa tun farko, kuma Malam ya goyi bayansa. Laifin na mai buga tsaba ɗaya ne.

Malam Isa: Ni? A ina na goyi bayansa?

Hajiya Ladi: Bar shi Malam, abokinsa ne.