Wai teɓa ce ke tada mini asma

Maman Iman: Salamu alaikum 'yan uwa, ni dai yau raina ya ɓaci wlh. Tunda hunturu ya shigo ƙirjina ke kuka kamar mage in dare ya yi, na je asibiti nan Birnin Kebbi na sha layi tun safe, ina shiga likita ya ce in hau sikeli, ya auna tsawona, wai teɓa ce ke ƙara mini asmar in je in rage ko kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyina. Na je neman magani an ɓuge da gaya mini magana

Anti Rabi: Tsaya, teɓa ya ce ko ƙiba? Don in da bakinshi ya ce teɓa wannan rashin ladabi ne

Maman Iman: To mi ya raba su Anti

Anti Rabi: Da yawa ƙanwata. Ƙiba hutu ce da kwanciyar hankali, teɓa kuwa zagi ce

'Yar Jega: Duka dai kitse ne, ku daina yaudarar kanku

Hajiya Kulu: Ke da iska ke neman ɗauka mi kika sani a kai? Macen da ba ta cika zane ba ai dangin miji cewa za su yi ba a ba ta abinci

Nas Asabe: Dan Allah ku saurara. Kitsen ciki yana tokare huhu daga ƙasa ya hana shi buɗewa sosai, kuma shi kitse ba zaune yake kawai ba, yana fitar da wani sinadari da ake kira leptin mai ƙara kumburi a jiki, shi ya sa inhelar rigakafi irin mai ruwan ƙasa ba ta cika yi wa mai ƙiba aiki kamar yadda take yi wa siriri ba. Ga kuma sinadaran jikinmu na mata, kafin balaga yara maza sun fi 'yan mata yin asma, bayan balaga sai abin ya juye kanmu, wata tata tana tashi ne dab da al'ada, wata in ta samu ciki ta tsananta wata kuma ta lafa. Maman Iman ki lura da kwanakin da take tasar miki

Hajiya Kulu: Nas ke ma ƙiba kika ce ba teɓa ba, kun gani

'Yar Jega: Duk bayanin nan abin da kika tsinta kenan Hajiya?

Maman Sadik: Ƙanena siriri ne kamar tsinke amma asmarshi ta fi ta kowa, kullum da inhelar Ventolin a aljihu. To shi ina teɓar

Nas Asabe: Ba wanda ya ce siriri ba ya yi. Kuma masu sayen ƙwayar prednisolone a kemis duk lokacin da ƙirji ya toshe ku sani yana buɗe ciki ya kumbura fuska, an fi son a sha shi na 'yan kwanaki bisa umarnin likita

'Yar Jega: Balle masu shan sha-ka-fashe kafin biki, dexamethasone ne fa, ɗan uwan prednisolone, ake haɗawa a ciki

Hajiya Kulu: Da wa kike? Fito fili ki kama suna

'Yar Jega: Ni ban kira sunan kowa ba, mai kaza a aljihu dai

Anti Rabi: Mutanen Jega ku dai ku tsaya kan albasa. Mu Argungu tuwon shinkafa da kifi ya gina mu kuma lafiyarmu lau

Maman Iman: Ni fa har yanzu numfashin bai daidaita ba

Admin, Hajiya Kulu: To na rufe wannan magana haka nan. Abin da muka fahimta shi ne likita bai kyauta ba, ƙurar hunturu da hayaƙin icce su ne matsalar, ita ma Nas ta tabbatar siriri yana yin asma. 'Yar Jega a kiyaye harshe. Masu son haɗin gyaran jiki na amare sabon kaya ya iso, a same ni ta ciki