Kaka a Sakkwato: Musayar Baitoci Tsakanin Gida da Amurka

Baƙon Amurka:
Salamu alaikum mutanen gida. Oktoba ta kama, gari ya juya mana a nan, ni kuma kewa ta taso ni. Ga 'yan baitoci na tsokana. Amsa-amon "ka" ne, duk wanda ya karya shi goro ne tararsa.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai damina, Mai rani, Mai kaka.

Gaisuwa gare ku 'yan Sakkwato,
Daga ɗanku da ke zaune Amurka.

Nan ganye ya yi ja, ya yi rawaya,
Iska na kaɗa shi, yana ta sauka.

Rana ta gajarta, dare ya yi tsawo,
Da asuba da ƙyar mutum ke farka.

Kowa da kofin shayi a hannu,
Bargo a kafaɗa, an shige ɗaka.

Kabewa suke fafewa su sa fitila,
Su jera a ƙofa, wai ado ne haka.

To ku da zafi bai sake ku ba,
Har Oktoba kwalta tana narka,

Wane daɗin zaman gida kuka sani?
Ku amsa mini, ko ku bar harka.

Taubashiya ta Mabera:
Ku ji mini bawan nan! Jiya-jiya ya bar Rijiyar Ɗorowa, yau yana yi mana tambayar baƙi.

Bawana, sannu da rawar ɗari,
Bargo ba abin alfahari ba ne, ka ji ka.

Abin da kake kira jin daɗi,
Gudun sanyi ne ya kulle ka.

Mu tsakar gida muke shimfiɗa,
Farin wata ya tsaya mana tsaka.

Kabushin da suke ɓatawa da wuƙa,
Mu taushe muke yi in mun yanka.

Da sure da gujiya a tukunya,
Ga masa da zafi, ina bakinka?

Jan ganyen nan da kake ta yabo,
Akuya ma ta ƙi, bare a girka.

Kawu na Kware:
Ɗana, gaskiya guda ka faɗi: zahi na nan. In ruwa ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, rana takan dawo da ƙarfinta, sai Nuwamba ta kama kana dare ya fara sanyi. Amma kada ka haɗa shi da na Afrilu, mai wuce digiri 40, mutum ya kwana waje yana juyi. Zahin kaka aiki shika yi muna.

Zahin da kake yi muna gori,
Shi ka busar da abin da munka shuka.

Mun yi huɗa, mun yi noman fari,
Mun yi maimai cikin ruwan malka.

Hatsi ya nuna, mun kwantar da shi,
Mun bi zangarniya muna yanka.

Jakai da amalanke na ta jigila,
Dame bisa dame, ruhewa ta cika.

Dawa ta sunkuya, tana jiran nata,
Wake ya bushe, yara na tsinka.

Harawa ta hau bisan ɗaki,
Rago da tunkiya sun sami naka-naka.

Kara ya zo, mu gyara darni,
Wanda ruwa ya kayar, mu sake kafa maka.

Ka manta tumu, ɗan makaranta?
A gasa, a murje, a watsa baka.

Ni ban da bargo, ban da shayi,
Amma barcina ya fi barcinka.

Wanda ya leƙa ruhewa ya gan ta maƙil,
Ko bisa tabarma minshari shika.

Taubashiya ta Mabera:
Kawu, wannan "naka-naka" ɗin dai mun rufe ido ne saboda girma.

Kawu na Kware:
Ɗiyata, tsoho in ya ƙetare rami, ba a tambayar yadda ya yi.

Malam na Gidan Igwai:
Madalla da wannan zama. Kafin in sa baki: masu lissafin taurari a ƙasar nan sun raba shekara gida 28, bakwai-bakwai ga damina, kaka, ɗari da bazara. Kowane tauraro kwana 13 ne, sai Jabha ta damina mai 14, shi ya cika 365. Kaka da Sarfa take buɗewa. Ke nan tun kafin kalandar bango kakanninmu sun ware mata gurbinta. Zan amsa da ƙwar huɗu.

Ka ce itace yana tuɓewa,
A can wajenku yana zubewa,
Mu namu gawo yana tohowa,
Ya ɗau sabon kore cikin kaka.

Duk damina ya tsaya ba ganye,
Inuwarsa daga shuka ya janye,
Takin da ya zubar ƙasa ta shanye,
Shi ya sa gindinsa ke da albarka.

In rani ya yi, ciyawa ta ƙare,
Makiyayi ya zo da sanda a tare,
'Ya'yan gawo ya kaɗo su zube,
Garke ya ci, ya kwana ba koka.

Akwai wadda ta bi irin tsarinku,
Takan zubar da nata, ta yi halinku,
Sai dai mun riga ta, ba mu jira ku,
Mun tsinke, mun shanya: miyar kuka.

Kawu, kafin a liƙe ruhewa,
Akwai haƙƙin da ake fitarwa,
Ɗaya cikin goma ake cirewa,
In ruwan sama ne ya raya shuka.

In ko da inji aka sha fama,
Ana ta ban-ruwa cikin fadama,
Rabin ushiri ne, ba gardama,
Ɗaya cikin ashirin ce zakka.

Sharaɗin dai amfanin ya kai nisabi, wato wasaƙi 5, sa'i 300 ke nan. Wanda nasa bai kai ba, babu wajibi a kansa.

Inna ta Runjin Sambo:
Duk na ji ku. Maza kun iya yabon kaka daga kan tabarma. Malam, a gafarce ni, har da kai.

Kun yabi hura, kun yabi tuwo,
Ba wanda ya gai da mai daka.

Dame ba ya zama hura da kansa,
Sai an kai shi turmi an sussuka.

Ƙaiƙayi ya bi wuya, ya bi hannu,
Mai shiƙa ita ta san haka.

A surfe, a wanke, a kai wa inji,
A cura, a dafa, a sake kirɓa duka.

Amma in ta sabon hatsi ce,
Da citta, kanumfari, duk an saka,

Ga nonon Fulani da sunka sauko,
Shanu na cin kara a gonakin kaka,

Ludayi guda in ya wuce maƙoshi,
Gajiyar yini duk sai ta sauka.

Ni daɗina yana bayan isha'i,
Na gama kwano, na share toka.

A'a, tokar ma ba duka nake sharewa ba, akwai abin da na binne a ciki:

Kudaku na nan cikin rushi,
Jikoki na zaune, ido a toka.

Gujiya dafaffa cikin faifai,
Ana ɓarewa ana kai baka.

"Ga ta nan, ga ta nanku," in fara,
Kafin Gizo ya ci, sun yi barci duka.

Sauro ya fara ja da baya,
Amma gidan sauro ban ce a sauke ba, a saka.

Ruwan randa ya soma sanyi,
Ba sayen ƙanƙara, ba wata harka.

Na fid da barguna na shanya,
Hunturu na tafe, ba na shakka.

Man kaɗe na nan cikin kwalba,
Don kaushi da faso, kafin su kama ka.

Taga ta gabas na toshe da tsumma,
Hazo in ya zo, ya tarar an ɗinka.

Ɗan Wurno:
Gaisuwa Inna, wannan kudakun har nan na ji ƙamshinsa. Sai dai kowa na maganar hutu, mu a fadama yanzu za a ɗaura ɗamara. Bana ma mun gode Allah. Wanda ya ga ambaliyar 2010, lokacin da Rima ta cinye gonaki tun daga Goronyo har Kware, ba ya raina shekarar da ruwa ya koma gidansa lafiya.

Ku masu tabarma ku yi ta hira,
Mu yanzu ne aiki ke farawa.

Ruwan Rima ya ja da baya,
Fadama ta buɗe, muna shigowa.

Shinkafa ta fita, a gyara fili,
Irin albasa yana tasowa.

Sanyin da kuke toshe wa taga,
Albasa da shi take ƙosawa.

Alkama da tafarnuwa duk shi suke so,
In ya yi jinkiri muna damuwa.

Taubashiya ta Mabera:
Goro! Goro! Jama'a ku shaida, an ce "ka", shi ya bi "wa" tun daga farko har ƙarshe.

Ɗan Wurno, yajin albasa ne
Ya hau kai har ka karya doka?

Goro ɗari, fari, ba ja ba,
Ka kawo Mabera da hannunka.

Ɗan Wurno:
Goro ya yi tsada, ranki ya daɗe,
Jira Fabrairu, albasa cike da jaka.

Ɗan Sabon Birni:
Ina biye da ku tun farko. Ban so in ɓata muku hira ba, amma bari in ajiye nawa.

Ina karanta ku ina murmushi,
Amma a zuci ina ta kuka.

Gonata tana gabas, Sabon Birni,
Bana ban je ba, ban yi shuka.

Wanda ya shuka ma a yankinmu,
Sai ya biya 'yan bindiga kan ya yanka.

Ina Sakkwato gidan ƙanena,
Tiya nake awo in kai a daka.

Da ni ke fid da dame in bayar,
Yau ni ake nema a ba zakka.

Ku ji daɗin kaka, ban hana ba,
Ku sa mu addu'a in kun farka.

Malam na Gidan Igwai:
Allah Ya mayar da ku gidajenku cikin aminci, Ya kawo ƙarshen wannan fitina.

Kawu na Kware:
Amin, Malam. Ɗan'uwa, Kware ba nisa, ga hanya nan.

Ban da na zakka akwai na zumunci,
Turo yaro da buhu shi ɗauka.

In Allah Ya kai ka gona baɗi,
Ka aiko man tumu in sa baka.

Baƙon Amurka:
Baba na Sabon Birni, Allah Ya yaye. Inna, ruwan randar nan ya tsaya mini a rai. Amma ban janye ba, ganyen nan yana da kyau, ko akuya ta ƙi.

Inna, in mai zuwa ya samu,
A ɗauro mini daddawa da kuka.

Da yaji, da garin kunun tsamiya,
Da ɗan sabon hatsi a ƙasan jaka.

Kilishi kam a bar shi gida,
A filin jirgi sukan ƙwace maka.

Nuwamba za su mai da agogo baya,
Duhu tun biyar, ina ɗaki ni ɗaya tak, haka.

Inna ta Runjin Sambo:
Kuka da daddawa za su iso,
Amma ka ji saƙon iyayenka.

An sa ranar ƙanwarka Disamba,
In an gama dawa an sussuka.

Kwanoni da gara mun ɗau nauyi,
Gado da katifa, wannan naka.

Taubashiya ta Mabera:
Ka haɗo da kuɗin sharata na bara,
Bawana, ban yafe ba, ina binka.