Baba ya faɗi, ni ma awona ya hau: wai ciwon nan yana duba ƙabila?

Abdu Mai Shago:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema. Sati uku ke nan mahaifinmu ya faɗi wurin alwalar asuba, a gidanmu na unguwar Zariya nan Maraɗi. Buta ta suɓuce masa, baki ya karkace, magana ta ƙi fita. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ya jawo ta. Wansa ma ita ta ɗauke shi. A wurin jinya na miƙa hannu aka auna jinina, aka ce 15/9, wato 150/90. Shekaruna 38, kuma siriri ne ni kamar karan dawa. Yafendona ta ce in kwantar da hankali, jinin uwa na ɗauko, wai Fulani ba sa wannan ciwo, na Hausawa masu tumbi ne. Da gaske ciwon yana zaɓen ƙabila? Ko in fara shan magani?

Ɗan Tibiri:
Allah ya ba Baba lafiya. Amma ku Katsinawan Maraɗi in ba ku rage tsire da zaman shago ba, ai sai a hankali. Mu Gobirawa gona ta ishe mu motsa jiki.

Hadiza, ma'aikaciyar jinya:
Ƙanena, sannu da jinya. Yafendo ta faɗi haka don ta sanyaya maka rai, amma kada ka jingina da maganarta. Na auna makiyayi ɗan Fulani wanda ƙasusuwan wuyansa ake ƙirgawa, awonsa ya haura 18. Rama ba kariya ba ce. Abin da ya fi damuna a labarinka shi ne uba da wan uba, wato abin yana cikin gida. Awo ɗaya kuma ba ya yanke hukunci, balle wanda aka yi maka kana cikin tashin hankali. Ka sake aunawa a ranaku daban-daban, kana zaune, bayan ka huta minti biyar, ba ka sha shayi ko taba ba. Ka rubuta a takarda. In yana tsayawa 14/9 ko sama, ka kai wa likita takardar, ya duba maka sukari da ƙoda gaba ɗaya.

Dakta Mamman:
Bambancin yana nan, sai dai ba yadda Yafendo ta yanka shi ba. A Ingila an daɗe da lura cewa baƙar fata 'yan asalin Afirka da Karebiyan sun fi Turawa fama da hawan jini da shanyewar jiki, amma toshewar jijiyoyin zuciya ta fi sauƙi a cikinsu. 'Yan asalin Indiya da Pakistan da Bangladash kuwa bugun zuciya da ciwon sukari ne ke cin su, tun da ƙuruciya, ko ba su yi ƙiba sosai ba. Ka ga kowa da ƙofar da ciwon ke shigo masa.

To amma ga inda maganar jini kaɗai take rushewa. A 1997 Richard Cooper da abokan aikinsa sun fitar da binciken da suka yi kan mutanen da tushensu ɗaya ne, Afirka ta Yamma. Masu hawan jini a Najeriya da Kamaru kusan kashi 16 cikin ɗari ne, a Karebiyan 26, a Amurka 33. Asali ɗaya, amma abinci da nauyin jiki da yanayin zama sun ninka abin. Shi ya sa nake cewa Bafulatanin da ya bar ruga ya zauna shago a babbar kasuwa, daga babur sai benci, ya fi kusa da maƙwabcinsa Bahaushe a wannan fanni fiye da ɗan uwansa mai bin shanu.

Inda asali ke da amfani sosai shi ne wurin zaɓen magani. Wani gwaji da aka yi a ƙasashen Afirka shida, wanda Dike Ojji na Abuja ya jagoranta aka buga a 2019, ya nuna haɗin magungunan da ke da amlodipine, wani maganin hawan jini, ya fi sauke mana jini. Ban faɗa don ka je ka saya a tebur ba. Likitan da ya gan ka shi zai rubuta.

Hajiya Rabi:
Ɗana, ni tukunya zan yi maka magana a kai. Ka leƙa madafa ka ƙirga dunƙulen magi nawa ake jefawa a miya ɗaya, a bi da gishiri, a bi da kanwa, sannan a barbaɗa yaji a kan tuwo, shi ma da nasa magin a dake. Da aka ce mini cokalin shayi ɗaya na gishiri ya ishi mutum yini guda, dariya na yi. Da na rage, sati biyu yara suna ƙorafi, daga baya suka saba. Daddawa da tafarnuwa da albasa suna rufe gurbin.

Hadiza, ma'aikaciyar jinya:
Hajiya ta taɓo inda yake ciwo. Giram biyar na gishiri a yini ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, kuma kanwa ma ana lissafa ta, don sinadarin da ke cikin gishiri yana cikinta. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya ta Najeriya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da kwanciya kan gadon wuta. Al'ada ce ta yi aiki a nan, ba sunan ƙabila ba.

Sale Kabu-kabu:
Ni dai zoɓo marar sukari nake sha, kaina ya daina sarawa.

Dakta Mamman:
Malam Sale, sha zoɓonka, amma ka je a auna. Yawancin masu hawan jini ba sa jin komai. Abdu, ku kula da Baba kada ya bar magani ranar da ya ji sauƙi. In kun sake ganin baki ya karkace ko hannu ya saki, kada a tsaya hayaƙi da tunanin iska, kada a ɗura masa ruwa, a nufi asibiti nan take.

Abdu Mai Shago:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yau da safe na sake aunawa, 15/10. Na sayi ƙaramin littafi na fara rubutawa. Yafendo ta ce ita lafiyarta lau, amma ta yarda ta raka ni ranar Litinin. Ɗan Tibiri, kai ma ka zo da hannunka.