Ƙara girman inji mai turbo: wace hanya ta fi?

Ɗan Gwale: Assalamu alaikum. Ina da mota ƙirar Lancer Evolution mai injin 4G63, lita 2.0. Shin ƙara girman injin zai rage jinkirin da turbo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji, ke yi kafin ya fara aiki?

Bakanike, Ƙofar Ruwa: Wa alaikumus salam, Malam. Zai rage, domin babban inji yana fitar da hayaƙi mai yawa tun kafin juyinsa ya yi sama, kuma da hayaƙin turbo yake juyawa. Don ƙara girman, akan sa karanshaf (sandar da fistan ke juyawa) na wani inji mai suna 4G64, injin ya kai kusan lita 2.3, sai dai ba zai jure matsanancin juyi kamar da ba.

Na Fagge: Wata hanyar ita ce faɗaɗa silinda, wato ramin da fistan ke kai da komo a ciki, amma kada ka yarda a faɗaɗa ta da yawa, bangonta kan sirance. Da zafin Kano na Afrilu, wajibi ne a sa babban lagireto, a kuma sake saita kwamfutar injin.