Kuɗin sautu sun ɓace mini a Alkahira, dole sai na biya?

Baban Khalifa, Kawo: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara, kwana uku ke nan ba na barci. Watan jiya na raka Hajiyarmu Alkahira a duba mata ido. Da za mu tafi, yayan matata ya ba ni sautun dalar Amurka 400 in sayo masa jallabiyoyi, yana da shago a Kasuwar Barci. Ranar da likita ya ce Hajiya ta huta, na ce bari in ga gari. Na nufi Giza ganin dalar Fir'auna. Wani mai raƙumi ya ce hawa fam 100 na kuɗin Misra, ya ja ni can cikin rairayi, sannan ya ce saukarwa fam 500. Raƙumi a tsaye, ƙasa nesa, ya zan yi? Na biya. Daga nan na je gidan tarihi na Tahrir ganin gawar Fir'auna, aka ce ai tun 2021 aka kwashe gawarwakin sarakunan zuwa wani gidan tarihin a unguwar Fustat. Sai bayan la'asar, da na fito Masallacin Azhar, na shiga kasuwar Khan Khalili. An gama ciniki, har an ba ni shayi, na laluba, wayam. Yanzu Yaya ko gaisuwata ba ya amsawa sosai.

Alhaji Sani T/Wada: Ka biya kawai. Shekara 15 ina zuwa Misra sarin kaya, ba a taɓa ɗaukar mini ko kwabo ba. Kuma wa ya ce maka a Khan Khalili ake sarin jallabiya? Kasuwar 'yan yawon buɗe ido ce. Ataba ake zuwa.

Malam Bashir: A hankali, Alhaji. Wanda aka ba amana ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci. Baban Khalifa, a ina ka ajiye kuɗin?

Baban Khalifa: Aljihun gefen riga, Malam. Amma a cikin ambulan.

Alhaji Sani T/Wada: Ka ji! Aljihun gefe, a kan raƙumi. In wannan ba sakaci ba ne, mene ne sunansa?

Maman Ummi, Barnawa: Ni shi ya sa na daina karɓar sautu. Da na je Umara ƙanwar mijina ta ba ni kuɗin abaya biyu, na cika da nawa na sayo, ta ce ba kalar da take so ba. Har yau cikona bai dawo ba, kuma ni ce mai laifi.

Baban Khalifa: Alhaji, ɗakin da muka sauka mu huɗu ne, a nan zan bar su? Kuma ban roƙi sautun nan ba, har filin jirgi ya aiko yaro da su.

Malam Bashir: Ku yi sulhu, ka biya rabi. Zumunci ya fi 400.

Alhaji Sani T/Wada: Rabi? Jarin mutum ne fa. Gobe Yaya ya ce kuɗin ka kashe wa Hajiya magani, bakinka alekum. Ka sayar da babur ka wanke sunanka.

Maman Ummi: Ita uwargidan me ta ce?

Baban Khalifa: Ta ce kada a sa ta ciki. Babur kuma da shi nake kai yara makaranta. Ga shi ma Yaya yana kira yanzu, ban ɗauka ba tukuna.