Dabarar hoto wajen haddace kalmomin Japananci: inda take aiki da inda take kakarewa

Abu Hanif: 'Yan uwa masu koyon Japananci, kowa ya kawo dabarar hoton da ya ga tana zama a ka, da inda take ba da matsala.

Maman Ilham: Mafarin sananne ne. 木 itace, ki. Biyu a jere 林, hayashi, kurmi. Uku 森, mori, daji. Mutum ya jingina da itace, 休, hutawa ke nan. Sai dai masu sauƙi irin waɗannan ba su da yawa cikin kanji (haruffan Japananci masu ɗauke da ma'ana) 2,136 na amfanin yau da kullum da gwamnatin Japan ta tsara a 2010. Sauran sai an fasa su gida-gida, a laƙaba wa kowane yanki suna ɗaya tak. In yau ka kira 口 baki, gobe akwati, hotunan cakuɗewa za su yi.

Malam Garba: Gaskiyar Hajiya ce, amma fa hoto ma'ana yake bayarwa, ba furuci ba. Wanda ya riƙe 山, dutse, a matsayin yama, in ya tarar da 火山, dutse mai aman wuta, sai ya ce hiyama, alhali kazan ake cewa. A haddace kalma sukutum, ba harafi shi kaɗai ba. Wajen furuci kuwa Hausa ta yi mana rana. Kawa kogi ne, sai ka hango ƙawar amarya tana wanki a bakin kogi. Kasa laima ce, ka hango kasa ta nannaɗe sandar laima. Kare kuma yana nufin "shi" na namiji, ko saurayi, wannan ba ya buƙatar wani zane. Mai ban tsoro da mai ban dariya su suka fi daɗewa.

Ɗan Agadas: Tarkon yana katakana, haruffan Japananci masu nuna furuci, musamman シ shi da ツ tsu. A shi ɗigon biyu suna gefen hagu, ɗaya bisa ɗaya, doguwar tana tasowa daga ƙasa. A tsu suna jere a sama, doguwar tana saukowa. Ido kaɗai ba ya raba su, sai hannu ya rubuta. Haka 土 da 士, tsawon layi ne kawai bambancin.

Maman Ilham: Ga dogon wasali ma. Obasan gwaggo, obaasan kaka. A zana kakar da doguwar sanda. Mai amfani da Anki, manhajar katunan haddace kalmomi, kuma ya sa hoton a bayan kati, kada ya sa a gaba, in ba haka ba hoton zai riƙa ganewa, kalmar ta wuce shi.