Wai da gaske abin da ya sami yarinya tun tana goye yana biyo ta har ranar haihuwarta?

Maman Sadiq, Gusau:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sani ku taimaka min, wallahi tun jiya hankalina ba kwance yake ba. Ƙanwata ce ciki ɗaya, shekararta 17, cikin fari gare ta wata biyar. A ƙauyenmu na wajen Anka aka haife ta, tana shekara biyu lokacin da gubar dalma ta ɓarke a 2010, tana cikin yaran da aka yi ta ba magani, bayan nan kuma ta yi tamowa har gashinta ya koma ja. Haka ta tashi 'yar firit, in kin gan mu tare ba ki cewa nono ɗaya muka sha. Jiya na raka ta awo, nas ta auna tsawonta ta ce santimita 146, ta ɗage fatar idonta ta duba, aka ɗebi jini aka ce PCV, wato awon yawan jininta, 27 ne, ta ce lallai lallai asibiti za ta haihu. Da na kawo zancen dalma sai ta ajiye biro ta ce in maimaita ma likita. Uwar mijinta kuwa cewa ta yi ita tara ta haifa a ɗakinta ba wanda ya ji ko tarinta. To ni tambayata, abin da ya wuce shekara 15 mi ya haɗa shi da cikin yau?

Sista Ungozoma:
Wa alaikumus salam Maman Sadiq, sannu da ɗawainiya. Akwai haɗi sosai, kuma wannan nas ɗin ta san aikinta. Daga ranar da ciki ya shiga zuwa yaro ya cika shekara biyu muna kiransu kwana 1000 na farko, a nan ake aza tubalin ƙashi da ƙwaƙwalwa, in yunwa da yawan zawo suka ci wannan lokacin to tsawon da aka rasa da wuya ya dawo ko da daga baya an samu wadata. Mace gajeriya sau da yawa ƙugunta ma ƙarami ne, ga shi kuma a 17 ƙashin ƙugu bai gama buɗewa ba, sai kan ɗa ya zo ya tokare a yi kwana biyu ana naƙuda. Ba kowace gajeriya ke samun haka ba, na karɓi haihuwar da yawa lafiya lau, amma ba a gane wadda za ta maƙale sai naƙuda ta yi nisa, shi ya sa muke son ta kasance inda in ta kama a yi aiki, ana iya yi a daren.

Batun dalma kuma shi ne ya fi tsaya min. Dalma ba ta zama cikin jini kawai, ƙashi take shiga ta kwanta shekaru masu yawa. In mace ta samu ciki jikinta yana ɗebo sinadarin kalsiyam daga ƙashinta don ya gina na ɗan, to dalmar sai ta biyo shi ta dawo jini, ta ratsa mabiyiya ta isa ga jariri, kuma tana iya ƙara haɗarin hawan jini ga uwar. Ku nemi a auna dalmar jininta, a riƙa duba hawan jini kowane awo, in ta samu isasshen kalsiyam jikin zai rage tonon ƙashin. Ana samunsa a nono, kindirmo, ƙananan kifi da ake ci da ƙaya, da zogale. Kada ta ci farar ƙasa ko kaɗan. PCV 27 ya yi ƙasa, muna son 33 zuwa sama, ta sha ƙwayar ƙarin jini kullum ko da tana maida bayan gida baƙi, ta karɓi Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro a wurin awo, ta kwana cikin gidan sauro.

Ɗan Bagega:
Allah sarki, kin tuna min da abin da ba na son tunawa. Ina saurayi lokacin, cikin gidaje ake daka dutsen zinari, wani lokaci da turmin da ake daka hatsi, ƙura ta bi tabarma ta bi kwano, yara na rarrafe a kai. Sai ka ga yaro ya fara zabura, kafin gobe an kai shi makwanci. An ce yara wajen 400 suka tafi tsakanin Anka da Bukkuyum, su Dareta, Abare, Yargalma. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo, aka kwashe ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, mu namu garin sai 2013 aka yi. Waɗanda suka rayu ga su nan sun isa aure, kuma ban taɓa jin wani ya zaunar da iyayensu ya ce masu in cikin fari ya zo ku faɗa ma likita ba. Ina da ɗiyar yayana haka, yau ɗin nan zan kira shi. Maman Sadiq, in kuna da tsohon katin maganinta ku nemo shi.

Hajiya Inna:
Ni dai ku yi haƙuri da ni, kada a maida uwar mijin nan kamar muguwa. Abin da ta sani ke nan, mu ma haka muka taso, kunyar ɗan fari ce, ko nishi ba a so a ji. Ki je ki same ta da ladabi ɗiyata, ki tafi da goro, ki ce mata Inna likita ya ce jikanki ake ji ma tsoro, kuma ke muke so ki raka ta. In kika ba ta girmanta ita da kanta za ta sa ɗanta ya nemo mota. Amma ki faɗa mata tun yanzu ban da kunun kanwa da yawa bayan haihuwa ga mai ƙarancin jini da haɗarin hawan jini, na ga wadda ƙafafunta suka kumbura numfashi ya gagare ta ana tsaka da wankan jego, asibiti aka ce zuciya ce.

Ummu Hauwa, Birnin Kebbi:
Ni abin ya faru a kaina ne shi ya sa na kasa wucewa. Ina 15 aka kai ni, kwana uku ina naƙuda a gida, ɗan bai zo da rai ba, ni kuma na tashi da yoyon fitsari. Shekara biyu ina shimfiɗa leda ƙarƙashin zanina, ko biki ba na zuwa, sai da wata ƙanwar babana ta kawo ni cibiyar Gesse nan Birnin Kebbi aka yi min aiki na warke alhamdulillah. Yanzu ina da ɗiya mace, na ba ta dakashi tun awar farko duk da ana ce min a matse a zubar, wata shida nono zalla ko ruwa ban ba ta ba, ana ta min surutu wai zafi zai kashe ta. Duk sanda nake dama mata kunun gyaɗa ina tuna wata rana ita ma ciki za ta ɗauka da wannan jikin. Maman Sadiq ku tanadi kuɗin mota da wanda zai ba da jini tun yanzu, kuma tunda hanyoyinku ba a bi da dare saboda halin da ake ciki, ku ɗauko ta ta dawo wurinki Gusau tun cikin wata takwas.

Maman Sadiq, Gusau:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ummu Hauwa wallahi sai da na yi hawaye, Allah ya raya miki ita. Na kira Innarmu ta ce katin yana cikin tsohuwar adakarta, za ta ba direba ya kawo ranar kasuwa. Hajiya zan bi shawararki, Juma'a zan je da goro da turmin atamfa. Sista, awon dalmar nan a ina zan tambaya nan Gusau, kuma sai likita ya rubuta ko zan iya zuwa da kaina?